Moɗar Malam da Rijiyar Iliya

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, famfon unguwarmu a Kazaure kuma ya zaɓi wannan lokacin ya yi shiru. Kwana tara ke nan ko tari bai yi ba. Kullum da hantsi ina ƙofar gida ina jiran masu kurar ruwa, in hango su sun ɓullo da jarkoki, kafin su iso wurina maƙwabta sun tare su. Duwatsun garin nan kuwa, da rana ta raba sai su shiga mayar wa mutum da zafin da suka sha tun safe. Rabon da azumi ya same ni a irin wannan zafi shekara talatin da 'yan kai, ina saurayi a ƙauyenmu, bayan duwatsun Roni. Ban yi niyyar tuna waccan shekarar ba. Nafisa ce ta tono ta, ita da wasanta.

Nafisa 'yata ce ta biyu, malamar lissafi a wata makarantar 'yan mata, tana gida ana hutu. Ta samo wani wasa a kwamfutarta wanda ake kafa gari daga fili. Ana ba ka waɗansu 'yan mutane ƙanana, ka sa su sare daji, su yi bukkoki, su yi shuka, su haƙa rijiya. Da shi take kashe lokacin nan mai nauyi tsakanin la'asar da magariba. Ina kan tabarma da carbi, ina jin tsakinta.

Na ce, "Me ya yi zafi ne, Nafisa?"

Ta ce, "Abba, mutanena ne ba su da wayo. Duk wanda ya ji ƙishirwa sai ya yar da aikinsa, ya ɗauki bokiti ɗaya ya nufi rijiya. Su taru can su yi layi. Kafin su dawo gona ta bushe. Gari uku ke nan yana mutuwa a hannuna saboda ruwa."

Na matsa na leƙa. Ga su kuwa jere a bakin rijiya, kowa riƙe da bokitinsa, yana jiran na gabansa ya gama. Sai na ji kafaɗata ta dama ta motsa, daidai inda sandar dakon ruwa ta bar min tabo.

A waccan shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai gama nuna ba. Rijiyar gari ta fara ba da laka tun da sanyi, kafin zafi ya kankama guga ya riƙa dawowa a bushe. Ruwan da ya rage yana ƙarƙashin yashin ƙorama. Daga gidanmu sai ka haye dutse, ka gangara gindin wata tsamiya, sannan ka miƙe fili mai nisa kafin ka kai. A can mutanen gari suka tona ramuka huɗu a cikin yashi, muna ce musu rijiyoyi don dai a girmama su.

Mu shida ne a gida: mahaifinmu, wanda muke kira Malam, da Inna, da ni Sale babban ɗa, da ƙanena Iliya, da ƙannenmu mata biyu. Sai jaki ɗaya da shanun huɗa biyu, Ɗan Ja da Ɗan Fari. Shanun nan su ne ƙarfin gidan. Sa ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai, saboda haka in ɗaya ya faɗi kamar duka biyun ka rasa ne. Tun a daren farko na azumi Malam ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in Allah ya sa muka kai su ruwan farko da ƙafafunsu, mun tsira, in ba haka ba, bana da garmar hannu za mu yi huɗa. Ɗan Ja kuwa nawa ne a zuciya. Tun yana ɗan maraƙi ni na raine shi, har ya girma in ya ji muryata sai ya ɗago kai.

Ina da shekara goma sha tara, ina ji da ƙarfi. Garwa biyu nake ratayawa a sanda in haye dutsen nan ban sauke ba, kuma ina son a gani. Iliya na ba shi shekara biyu, fuka ta hana shi sakat tun yana ƙarami. In ya ɗauki tulu ɗaya, kafin ya kai rabin dutse ƙirjinsa ya fara kuka kamar tsohon zugazugi. Shi ya sa aikinsa bai wuce riƙe mana layi ba. A lokacin ina jin tausayinsa, irin tausayin da ke yi wa mai shi daɗi.

Ana idar da sallar asuba muke fita, Malam da jaki, ni da sanda, Iliya a baya. Ko yaya muka yi sammako sai mun tarar da tuluna da garewani sun yi layi. Ruwan ba ɓulɓulowa yake ba, tsattsafowa yake a hankali, mai layi ya durƙusa ya kwasa da ƙoƙo, ya jira, ya sake kwasa. Rana ta fito ta same mu a tsaye. Yashi ya ɗau zafi har ka riƙa ɗaga ƙafa ɗaya kana sauke ɗaya. In mun yi sa'a mu yi sawu biyu a yini. Ban san abin da ya kai dakon ruwa da azumi a baki cin rai ba. Kana jin motsinsa a kunnen dama da na hagu, yana fantsalowa a ƙafarka, ƙamshin jiƙaƙƙen yashi yana shiga hancinka, harshenka kuwa ya manne a dasashi. In mun kai gida Inna ta raba: na sha, na girki, na alwala da ɗan ƙaramin ludayi. Shanu su sami garwa ɗaya su biyu, alhali kowannensu zai iya shanye biyu bai ɗago ba. Haƙarƙarinsu ya fito ana iya ƙirgawa daga zaure.

Ranar shida ga azumi, bayan an sha ruwa, Iliya ya ɗauki kara ya fara zane a ƙasa a gaban Malam.

Ya ce, "Malam, ba tafiyar ce ke cinye mana yini ba, jiran ne. Mu uku muke zuwa mu tsaya, aikin mutum ɗaya muke yi."

Malam ya ce, "Ina jinka."

"Akwai lanƙwasar ƙoramar nan ta sama, wurin ɓauren nan da bai zubar da ganye ba. Mu tona tamu a can. Ramin yashi in ruwa ya kai iyakarsa tsayawa yake, sai an kwashe yake sake kawowa. To a sami mutum ɗaya ya zauna yana kwasa ba fashi, yana zubawa a randa. Duk wanda ya zo ɗiba, cikawa kawai zai yi ya juya. A binne wata randar a gindin tsamiya. Jaki ya riƙa kaiwa daga ƙorama zuwa tsamiya, tunda fili ne. Yaya Sale ya riƙa ɗauka daga tsamiya ya haye dutse. Kowa da yankinsa, ba mai jiran wani."

Na ce, "Zaman kuma wa zai yi?"

Ya ce, "Ni."

Na yi dariya na ce dama na sani. Malam bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce gobe a gwada.

Ni na tona ramin. Wannan ina so a rubuta. Ni na shiga har wuya ina miƙo yashi, ni na saro kara da rassan da aka tokare gefensa. Ni na ɗauko randunan Inna guda uku a ka, muka binne biyu a gindin ɓaure, ɗaya a gindin tsamiya. Iliya dai yana nuni da yatsa. Shi ya ce a riƙa yaɗa ganyen kalgo a saman garwa don ruwa ya daina fantsala, abin da tsofaffi suka sani tuntuni amma muka raina.

Abin ya yi, ba zan ce bai yi ba. Daga sawu biyu muka koma takwas, wata rana tara. Ruwan ma ya fi kyau, domin yana kwantawa a randa kafin a ɗiba. Shanu suka sha har suka juya kai da kansu. Inna ta yi wanki karo na farko cikin wata guda. Kafin mako ya zagayo gidaje uku sun kwaikwaya, kuma sunan da aka sa wa abin shi ne dabarar Iliya. Ramin da na tona ya zama rijiyar Iliya. Sai in haɗu da dattijuwa a tsakiyar dutse, gumi yana zuba a idona, sanda ta nutse a kafaɗata, ta tsaya ta ce, "Sannu Sale. Allah ya yi wa Iliya albarka." In ce amin, domin ba yadda zan yi.

Duk wannan da na haɗiye, da ba don moɗa ba.

A gidanmu akwai wata 'yar randa da Inna ke ajiyewa a inuwar rumbu, a kan jiƙaƙƙen yashi, don ruwan buɗa-baki. In an kira magariba sai ta ciko moɗa ta miƙa wa Malam. Ya yi bisimilla ya sha, ya miƙo min, in sha in miƙa wa Iliya. Haka ake yi tun ranar da na fara azumi, ba wanda ya taɓa cewa doka ce, ba wanda kuma ya taɓa saɓawa. Ranar sha biyu ga wata, Malam ya sha, ya sauke moɗa daga bakinsa, na riga na miƙa hannu. Sai ya wuce ni da ita.

Ya ce, "Karɓi, Iliya. Kai ka kawo mana shi."

Hannuna yana sama. Na rasa yadda zan yi da shi, sai na sosa kunne. Iliya ya dube ni kafin ya sha, kuma wannan duban ya fi komai ƙona min rai. Da ya miƙo min na sha, ruwan da ya biyo ta kafaɗata ɗigo-ɗigo, amma ni ne na uku a kansa. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Ƙyashi ne, ba ni da wani suna mai kyau da zan sa masa. Na kwana da shi na tashi da shi. Ina hawan dutse ina ƙirga sawu, kowane sawu ina tuna cewa wani yana can a inuwar ɓaure, ƙafafunsa a cikin yashi mai sanyi. Ban tsaya na ƙirga sau nawa yake sunkuyawa cikin ramin nan a yini ba, ko sau nawa yake tashi da doguwar sanda ya kore dabbobin da suka jiyo ƙamshin ruwa. Ban so in sani ba. Abin da nake so shi ne ranar da gari zai ga Iliya a kan dutse da kaya, a ga iyakar dabara.

Ranar ta zo da kanta. Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare, Malam ya yanke shawarar kai awaki biyu Babura, wurin 'yan'uwan Inna, ya samo abin da shanu za su ci. Tafiyar kwana huɗu ce. Da zai fita ya kira mu a zaure.

Ya ce, "Sale, jaki da dutse duk sun dawo kanka. Ka rage sawu, ko biyar ka yi ya isa. Amma ko me za a yi, kar Iliya ya bar bakin rijiya."

Ranar farko na yi yadda ya ce. In kora jaki zuwa ƙorama, in dawo tsamiya, in juye, in rataya sanda in haye dutse, in sake gangarowa. Rana ta biyu, wajen hantsi, na isa gindin ɓaure ƙafata ta yi bororo, idona yana ganin wuta-wuta. Na tarar randuna biyu cike fal, Iliya ya jingina da ɓaure, idonsa a lumshe, iska tana kaɗa masa riga.

Na ce, "Sannu da aiki, mai dabara."

Ya buɗe ido ya ce, "Yawwa Yaya. Sun cika ne, ina jira a rage."

"To tashi. Yau tare za mu kai gida. Ga tulu nan, ga sanda."

"Yaya, Malam ya ce kar in tashi."

"Malam yana Babura. Randa ta cika, me kake gadi? Sawu ɗaya ne. Ko kai ba namiji ba ne?"

Ya ce, "Makiyaya suna wucewa da azahar."

Na ce kafin azahar mun dawo. Na san ƙarya nake, domin na san tafiyarsa. Ya tashi ya jawo rassan ƙaya ya rufe bakin ramin iya yinsa. Ban bar shi da tulu ba ma. Da muka kai tsamiya na cika garwa biyu rabi-rabi, na ɗora masa sandata a kafaɗa, ni na ɗauki tulu a ka, wai don ya ɗanɗana.

Na samu abin da nake so. Mutane sun gan shi. Sau biyar yana saukewa kafin ƙwanƙolin dutse, ƙirjinsa yana kuka, leɓensa ya yi fari, sanda ta goge masa fata har rigarsa ta manne da jini. A saukowa ya zame, garwa ɗaya ta kife, ruwan ya bi dutse ya ƙafe muna kallo. Wata mata ta ce, "Haba Sale." Daɗin da na yi tsammanin zan ji bai kai ko na kurɓi ɗaya ba. Da muka kai gida sai da ya kwanta a zaure ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo. Inna tana maƙwabta wajen daka, ba ta gani ba. Ya sake riga muka koma.

Tun daga nesa na ga ƙura tana kwantawa a lanƙwasar ƙorama. Inda rijiya take babu rijiya, sai caɓi da sawun kofato. Karan da na tokare gefe da shi ya nutse, ƙayar ta watse, randa ɗaya ta fashe, ɗayar an shanye ta har ƙasa. Wani dattijon makiyayi yana tsaye a rana, ya bar garkensa ya yi gaba, yana jiran masu wuri.

Ya ce, "Samari, ku yi haƙuri. Kullum in mun zo yaron nan yana tare su tun daga nesa, ya ɗebo musu kaɗan a can gefe. Yau sun jiyo ruwa, ba kowa, suka fi ƙarfinmu. Na tsaya ne in faɗa da bakina."

Ba laifinsa ba ne, ba kuma laifin shanun da suka kwana da ƙishirwa ba.

Na shiga tono a take. Wurin da aka tattake ya ƙi tsayawa, ina kwashewa yana rugujowa. Na matsa sama, na tona har ƙugu, na ci karo da dutse. Washegari na sake wani wurin. Iliya yana miƙo min kara yana karɓar yashi. Maƙwabta sun taimaka da na sha da na girki, amma kowa da dabbobinsa, ba mai ruwan shayar da sa biyu. Muka koma layin ramukan gari, inda yanzu ruwan ya ƙara ja baya. Shanun da suka kwana biyu ba harawa suka koma rabin garwa su biyu. Ɗan Ja ya kwanta da la'asar ɗin rana ta uku. Da safe na kira shi, ya motsa kunne, bai ɗago kai ba.

Malam ya iso da azahar da buhunan dusa. Bai ko cire takalmi ba ya wuce turke. Ya durƙusa ya taɓa hancin san, ya ɗaga fatar idonsa, ya miƙe.

Ya ce, "Me ya sami rijiya?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma Iliya ya riga ni.

Ya ce, "Ni ne, Malam. Zafi ya yi yawa na koma can cikin inuwa, barci ya ɗauke ni. Ban farka ba sai da shanu suka gama."

Malam ya dube shi, ya daɗe. Ni bai dube ni ba. Sannan ya ce in kira mahauci kafin Ɗan Ja ya zama mushe, in kuma zo in riƙe ƙafa. Na riƙe. Aka raba nama gida-gida, unguwa ta yi ƙamshi a tsakiyar yunwa, yara suna murna. Ni ban ci ba, na ce cikina ke ciwo.

Da aka kira magariba Inna ta miƙa moɗa. Malam ya sha, ya miƙo min. Na karɓa. Daga ranar har ya bar duniya, shekara takwas bayan haka, bai sake tsallake ni ba. Na samu moɗata, kuma ko sau ɗaya ban sha ruwanta da daɗi ba. Abin da ya fi ci min rai, kuma ina jin kunyar faɗa, ba Ɗan Ja ba ne kaɗai. Yaron nan ya fi ni dabara, yanzu kuma ya fi ni zuciya, kuma ya yi hakan a gabana ba tare da ya nemi ko na gode ba.

Ruwan farko ya sauka kwana tara bayan salla. Gabas ta haɗe da la'asar, iska ta kwashe zana biyu, sannan ya zubo manya-manya, ƙasa ta saki ƙamshin nan da ke sa mutum jin yunwa. Inna ta jera duk wani mazubi a bakin indararo. Na tsaya a turke ina kallon Ɗan Fari shi kaɗai yana lasar ruwa a jikinsa. An sayar da shi kafin shuka ta fito. Da garmar hannu muka yi huɗar waccan shekarar, ni da Malam, rabin gona muka iya. Ban taɓa faɗa masa gaskiya ba. Kullum sai in ce sai bayan girbi, sai bayan salla, har aka kai shi makwanci.

Wannan duk ya wuce ta kaina ina tsugune a bayan Nafisa. Na ce mata, "Akwai yadda za ki hana su ɗibar ruwa da kansu?"

Ta ce akwai.

"To hana kowa. Ki ware mutum ɗaya ya zauna a bakin rijiya, aikinsa ja kawai, yana zubawa a ganga. Ki sa wata gangar a rabin hanya. Biyu su yi dako, kowa da yankinsa, kar wanda ya shiga na wani. Masu noma su sha a gangar kusa da su."

Ta danna nan ta danna can. Kafin a kira salla layi ya watse, gonakinta sun yi kore. Ta juyo tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Abba, a ina ka koyi wannan?"

Na ce, "Zaman duniya ne kawai." Na koma kan tabarmata. Kwana biyu ina jin tana ba ƙawayenta labari a waya, wai mahaifinta ya warware abin da ya gagare ta mako uku. Ban gyara mata ba. Na ji daɗi, a shekaruna, da furfurata.

Ranar Juma'a Iliya ya biyo. A Babura yake zaune yanzu, gyaran famfon tuƙa-tuƙa yake yi, ba ƙauyen da ba a san babur ɗinsa ba daga nan har Gwiwa. Na yi shekara goma sha biyu ina shugaban makaranta, amma in na je ɗaurin aure a karkara har yau yayan Iliya mai famfo ake ce min. Ya fito daga wani aiki, ya ce a nan zai sha ruwa. Ya zauna a tabarmata, ya ciro abin shaƙarsa na fuka ya duba ya mayar aljihu. Nafisa ta gaishe shi, ba ta ko bari ya huta ba ta kawo kwamfuta.

"Baffa, zo ka ga garina. Kalli yadda ruwa ke tafiya. Dabarar Abba ce."

Ya sa tabarau. Ya bi hanyar da yatsa, daga rijiya zuwa ganga, daga ganga zuwa gari. Ya daɗe. Ni kuwa na dage da jan carbi.

Ya ce, "Wannan na bakin rijiyar fa?"

"Shi na sa wa suna Abba, tunda shi ya kawo dabarar. Sai dai ina ganin kamar yana yawan zaman banza in ganga ta cika. Ina so in haɗa masa da dako."

Iliya ya ce, "A'a. Ko me za a yi, kar ki tashe shi daga nan."

Bai dube ni ba. Ya cire tabarau ya ce garin ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.

Na ajiye carbi. Na ce, "Nafisa, sake masa suna. Ba dabarata ba ce, ta Baffanki ce. Ni abin da na yi wa dabarar shi ne na tashe shi." Na ba ta labarin a gajarce, da sanda, da dattijon makiyayi, da Ɗan Ja, da ƙaryar barci. Ban taɓa jin muryata tana faɗinsa ba sai ran nan. Ta saurara kanta a ƙasa, ta rufe kwamfutar a hankali, ta ce bari ta je ta taya Mama suyar ƙosai.

Muka rage mu biyu. Na ce, "Abin da ke damuna, Malam ya tafi yana zaton kai ne."

Iliya ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Yaya, Malam ai ya sani."

Na dube shi.

"Tun a ranar. Bayan an gama fiɗa ya kira ni bayan rumbu, ya ce in cire riga. Ya ga kafaɗata. Ya ce barci ba ya yi wa mutum wannan."

"Me ya sa bai yi min magana ba?"

"Ya ce ba kai ka fara ba, shi ya fara, ranar da ya wuce ka da moɗa hannunka a miƙe. Ya ce yana gani ka sosa kunne. Ya roƙe ni in bar ƙaryata yadda take, kar in taɓa faɗa maka sai in kai ka tayar da maganar." Ya gyara zama. "Na ɗauka ba za ka tayar ba."

Ya kamata in ji sauƙi, na sani. Wataƙila zai zo daga baya. Abin da na ji a lokacin shi ne tsohon abin nan ya taso min daga ciki, sabo fil. Malam ya faɗi laifinsa da bakinsa, abin da ban taɓa jin ya yi ba a rayuwata, kuma ba ni ya faɗa wa ba. Shekara talatin da 'yan kai suna da wata magana su biyu, a kaina, ni ba na ciki.

Aka kira magariba. Nafisa ta fito da kofin silba cike da ruwan randa, ta tsaya a kanmu, ta dubi wannan ta dubi wancan, sannan ta durƙusa ta ajiye shi a tsakiya ta koma. Na tura wa Iliya. Ya turo min.

Ya ce, "Sha, Yaya. Malam ya riga ya gyara wannan."

Na ɗauka na sha. Ina kallonsa ta saman kofin, ina ƙyashin ɗan lokacin nan da ya samu da Malam a bayan rumbu.